JAR GIYAR FARANSA DA ZOƁON INNA: TAMBAYAR DA BATURE YA YI MIN NA KASA AMSAWA

Kafin wani ya ga kanun nan ya ce shi ke nan Malam ya lalace, bari in fara wanke kaina. Ban taɓa shan giya ba, kuma ina roƙon Allah Ya ɗauki raina ban san ɗanɗanonta ba. Haramcinta a fili yake cikin Suratul Ma'ida, babu abin ja-in-ja. Abin da ya sa na ɗauko zancenta shi ne wani darasi da na koya a teburin cin abinci. Darasin ya shafi manomanmu na Baure da Zango da Sandamu da Mai'adua, ya kuma shafi wani laifi da na yi wa mahaifiyata. Rubutun yana da ɗan tsawo, mai sauri ya ajiye sai dare.

'Yan shekarun baya ofis ya tura ni Abuja taron ƙara wa juna sani na kwana huɗu a kan kasuwancin amfanin gona. Cikin masu koyarwa akwai wani dattijon Bafaranshe da ya taɓa aiki a Nijar, har yana iya cewa "ina wuni" da "madalla". Daren ƙarshe aka shirya liyafa, Allah Ya haɗa mu teburi ɗaya. Da masu hidima suka fara zagayawa da kwalabe sai na kife kofina, na ce a kawo min zoɓo in akwai. Aka ce akwai. Shi kuwa mutumin ya karɓi kwalba, ya duba takardar jikinta, sai na ga fuskarsa ta washe kamar wanda ya haɗu da ɗan garinsu a tasha. Ya ce min wannan daga yankinsu take.

Wallahi ya fi minti ashirin yana magana a kan kwalba guda. Da farko ina sauraro ne don ladabi, daga baya na tsinci kaina ina yi masa tambayoyi.

Sunan yankin Beaujolais, ana furta shi Bojole. Ƙasar tuddai ce a arewa da birnin Liyon. Inabin da suke nomawa sunansa Gamay, kuma ya fi yin kyau a kan tuddan da ƙasarsu burbushin dutse ce, marar ƙarfi, wadda manomin dawa ba zai ko kalle ta ba. A cikin yankin akwai wurare goma da doka ta ba kowanne damar sa sunansa a jikin kwalba, irin su Morgon da Fleurie da Moulin-à-Vent. Ya ce wanda ya saba zai bambance na wannan tudu da na wancan da harshensa, ko da tsakaninsu bai wuce tafiyar ƙafa ba. Suna da kalma guda, terroir, wadda ta tattara ƙasa da ruwan sama da rana da hannun manomi, wato duk abin da ke sa amfanin wuri ya ɗauko halin wurin.

Game da ɗanɗano, abin da ya faɗa min zan faɗa muku, tun da ni ba ganau ba ne. Ya ce tasu marar nauyi ce, tana da ɗan tsami da ƙamshin jajayen 'ya'yan itace, kuma ba ta da bauri sosai. Saboda haka ana ɗan sanyaya ta, a sha da gasasshiyar kaza, ko cuku, ko busasshen naman da suke yankawa siriri, wanda yawanci na alade ne, Allah Ya tsare mu. Ta yankin Bordeaux kuma ta fi nauyi da bauri, irin baurin da goro ke bari a baki, don haka ita sai da jan nama mai kitse, domin baurin ya yanke maiƙon. Ashe su a wurinsu haɗa abin sha da abinci ilimi ne da ake zama a koya.

Tarihin ne ya fi kama ni. A shekarar 1395 mai mulkin Burgundi, wani Filib, ya ba da umarni a tuge inabin Gamay daga ƙasarsa, wai ƙasƙantaccen iri ne da ke zubar da mutuncin giyar manya. Talakawan da ke kudu da shi suka ci gaba da noma abinsu. Daga shekarun 1860 kuma wani ɗan ƙwaro da ya shigo daga Amurka ya dinga cin saiwar inabi har ya kusa gamawa da gonakin Faransa. Ba su tsira ba sai da suka koma yi wa inabinsu aure da saiwar inabin Amurka, kamar yadda muke yi wa mangwaro. A cikin wannan ƙarancin 'yan algus suka cika kasuwa, kowa ya haɗa ruwansa ya liƙa masa sunan gari mai daraja. Manoma suka yi ta kuka har a 1935 aka yi dokar kare sunan asali. Dokar ta shata iyakar kowane yanki, ta faɗi irin da za a shuka, da yawan abin da za a ɗiba a gona, da yadda za a sarrafa. Wanda bai cika sharaɗi ba, ba shi da ikon sa sunan. Yanzu duk ranar Alhamis ta uku a watan Nuwamba ake fitar da sabuwar Bojole ta shekarar, ana biki tun daga Faransa har Japan. Inabin da sarki ya kora ke nan fa.

Da ya gama sai ya kalli kofina ya ce ko zai ɗanɗana? Aka zuba masa. Ya ɗaga kofin ya duba launin a hasken fitila, ya shinshina, ya kurɓa kaɗan ya riƙe a baki. Ya ce akwai citta, akwai kanumfari, sukarin ya yi yawa. Duk ya canka daidai. Sannan ya ce: "Wannan na wane gari ne? Na bana ne ko na bara? Wane iri ne?"

Na yi dariya na ce, ai zoɓo zoɓo ne.

Bai ce komai ba, ya ɗaga kafaɗa kawai. Ni kuwa daren nan barci ya ƙi zuwa, domin na san ƙarya na yi masa. Duk wanda zai ce zoɓo zoɓo ne, ban da ni, don a gidan mai zoɓo na tashi.

Mahaifinmu, Allah Ya jiƙansa, yakuwa yake zagaye gonarsa da ita. Gero da wake a tsakiya, yakuwa a kan iyaka, ita ce shaidar inda gonarmu ta tsaya ta maƙwabci ta fara. Ba ta neman taki mai yawa, kuma ko ruwa ya ɗauke da wuri, kamar yadda ya saba yi mana a wannan jigawar tamu, takan jure. Babu abin yarwa a jikinta. Ganyen a yi miya ko a zuba a fate. Farin zoɓo ya shiga tukunya. 'Ya'yan, wato gurguzu, a yi daddawar batso da su. Jan kuma, in sanyi ya fara shigowa bayan an kai gero rumbu, mu yara ake zaunarwa mu ɓare shi. Wanda ya taɓa yi ya san ƙaiƙayin da yake bari a yatsu.

Inna ita ke dafawa ta sayar. Da kuɗin zoɓo da na ƙuli-ƙuli aka biya min kuɗin jarrabawa, da su na yi ta hawa mota zuwa jami'a. Kuma a wurinta zoɓo ba ɗaya ba ne. In ta je saye takan damƙa ta ji ko ya bushe ƙayau, ta shinshina ta ji ko ya yi warin ajiya, ta tauna ɗaya. Ta fi son mai duhu mai kaurin fata, ta ce shi ke ba da launi ba sai an zuba da yawa ba. Mai hasken ja ta ce ya fi tsami. Na bara ta ce ƙamshinsa ya gudu. Wanda aka shanya a ƙasa ba ta ko taya shi, ta ce ko sau nawa ka wanke sai ka ji rairayi a haƙori. Akwai ƙauyen da in ta ji an ce daga can kayan suke, ba ta neman ragi. Akwai kuma wanda ko a rabin kuɗi ba ta so. Ba ta taɓa jin kalmar terroir ba, amma abin da Bafaranshen nan ya kwashe minti ashirin yana faɗa min, shi take yi a bakin kasuwa tun ina goye.

Dahuwar ma da ƙa'idarta. Ba ta barin shi ya yi ta tafasa, ta ce yana sa ɗaci. Wani lokaci ma jiƙa shi take yi ya kwana. Citta da kanumfari da ɗan masoro, sai ɓawon abarba in an samu. Kanwa ɗan mitsitsi, don in ta yi yawa sai ta kashe tsamin ta mai da shi baƙi. Lokacin da sukari ya yi tsada, dankalin Hausa take dafawa ta tace ruwan a ciki, ko ta sa mazarƙwaila. Babu firji, randa ce a binne cikin jiƙaƙƙen yashi a inuwar ɗaki. Har yau ban sha mai sanyin da ya kwanta min a rai kamar na randar nan ba.

Tun da Faransawa sun mai da haɗin abin sha da abinci ilimi, bari ni ma in faɗi nawa, wanda ya ga ba haka ba ya gyara min.

Tsire da balangu suna son zoɓo mai tsami, mai citta da yawa, sukari kaɗan. Tsamin ke wanke maiƙon daga baki, sai ka ji yankan gaba kamar shi ne na farko. Aikin da suka ce baurin giyarsu na yi wa kitse ke nan, mu ga shi mun samu ta hanyar halal. Kilishi ma haka, sai dai a rage citta don yajin kilishin ya isa. Ɗanwake da garau-garau, masu mai da yaji, suna son mai sanyi ƙarara mai ɗan zaƙi. Waina da miyar taushe ta fi dacewa da marar kayan yaji sosai, wanda aka sa wa abarba ko na'ana'a. Ƙosai da buɗa-baki kuwa ba sai na faɗa ba, duk mai azumi ya sani. Alkaki da nakiya da dubulan zaƙinsu ya riga ya kai, in ka haɗa su da zoɓo mai sukari ka zalunci harshenka, nemi wanda ba a sa wa komai ba. Inda ba ya shiga: kada ka bi fura da nono da shi, kada ka haɗa shi da kunun tsamiya. Tuwo da miyar kuka kuma ruwan randa ya ishe su.

To, yanzu ga laifin nawa.

Shekara biyu kafin tafiyar Abujan nan aka yi bikin autarmu. Lokacin an yi min ƙarin girma, kaina ya ɗan kumbura. Na ce sai an yi dina a ɗakin taro, manyan ofis za su zo. Na ba wani yaro kuɗi ya je Kano ya sayo katan-katan na kwalaben nan masu wuyan zinariya, waɗanda ake ce wa wayin marar giya. Kuɗin kwalba biyu ko uku a lokacin zai sayi zoɓon da zai shayar da layinmu gaba ɗaya. Inna da Gwaggo kuwa sun kwana biyu suna aikin zoɓo, manyan robobi cike. Da aka zo ɗaukar kaya na ce a bar zoɓon a gida, mata da yara su sha, can wurin manyan baƙi ne.

Ni ɗan fari ne, Inna ba ta faɗin sunana, ba ta kuma doguwar magana da ni. Ba ta ce uffan ba, ta shige ɗaki. Gwaggo ce ta biyo ni zaure ta ce: "Kai ɗan nan, zoɓon da ya kai ka jami'a shi ne yau bai isa shiga ɗakin taro ba?" Na yi 'yar dariya na ce, haba Gwaggo, zamani ne. Na fita abina.

Ana cikin taro wani abokina da ya yi karatu a Damagaram ya jawo ni gefe, riƙe da kwalba. Ya nuna min wani ɗan ƙaramin rubutu a ƙasan takardar: 12% vol. Ya ce, "Malam, wannan fa giya ce tsagwaronta." Ashe cikin katan ɗin da yaron ya sayo akwai guda da ba irin sauran ba. Shi ya ga kwalba ja mai kyau, rubutun Faransanci ne, ya ɗauko. Kuma ga su jere a babban teburi, gaban iyaye da malamai. Innalillahi! Allah Ya rufa asiri ba a kai ga buɗewa ba. Muka bi muka tattare su da sunan za a ƙara musu sanyi. Gumin da na yi a daren nan ko a gona ban taɓa yin irinsa ba. Na tura gida a kawo zoɓo, aka ce ai tun la'asar Inna ta rabar wa maƙwabta.

Don Allah masu hidimar biki ku riƙe wannan: kyan kwalba ba shaida ba ne. Ku duba inda aka rubuta lamba da alamar kashi cikin ɗari. In kun ga 11 ko 12 ko 13, giya ce. Ko waɗanda aka ce marasa giya iri biyu ne. Akwai ruwan inabi zalla da aka sa wa iska, akwai kuma wadda giya ce tun asali aka cire mata abin mayen, wani lokaci da ɗan saura. Wannan ta biyun a tambayi malamai kafin a kai ta teburi. Kada a aiki wanda ba ya iya karanta takardar.

Abin kunyar shi ne ko bayan wannan ban ba Inna haƙuri ba. Na ɗauke shi kuskuren yaro kawai. Sai da na dawo daga Abuja na je na durƙusa na kwashe labarin Bafaranshe na faɗa mata, na ce ta yafe min abin da na yi ranar biki. Ta ce Allah Ya yafe mana baki ɗaya. Ta ɗan yi shiru tana tsintar wake, sannan ta ce, ba tare da ta ɗago ba: "Sai da Bature ya faɗa sannan aka yarda."

Wannan maganar har gobe tana cina, domin ba ni kaɗai ta kama ba.

Ga mu cikin kaka. Ina da ƙane, ɗan baffana, a wani ƙauye ta wajen Baure, wanda yanzu ya daina sa yakuwa a iyaka kawai, gona guda yake ware mata. Da ya ɓare ya shanya, dillalai na bakin ƙofa. Ba ya iya ajiyewa ya jira farashi, don bashin taki da na 'yan ƙwadago na jiransa, ga hidimar gida. Daga hannunsa kayan kan bi ta kasuwanni irin Maigatari ta ranar Alhamis, ko su wuce Dawanau a Kano. Can mata ke tsince shi a manyan rumbunan ajiya, a danne a buhuna, a cika kwantena, a kai tashar jirgin ruwa ta Legas. Babbar mai saye ita ce Meksiko, inda suke yin abin shan da suke kira agua de jamaica, wanda ake sayarwa a gidajen abinci da bakin titi. Da na faɗa masa zoɓonsa na ƙetare teku, dariya ya yi ya ce: "Yaya, to ni me ya sa ko Kano ban cika zuwa ba?" Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Ba ina cewa dillali ɓarawo ba ne. Shi ma jarinsa yake sawa, kuma yakan yi asara. Matsalar tana cikin tsarin. Ƙanena a kan tamfol yake shanya nasa, ya rufe da dare saboda raɓa. Wani kuma a ƙasa yake zubawa, kaji da awaki su bi ta kai, in zai kai kasuwa ya yayyafa ruwa ko ya bar yashi a ciki don nauyi. Ranar kasuwa sai a auna su farashi ɗaya, a juye a tsibi ɗaya. To don Allah wa zai ci gaba da wahalar gyarawa? Mai gaskiya ke biyan bashin mai algus. Kuma mun ga ƙarshen irin wannan, lokacin da Meksiko ta dakatar da karɓar zoɓon Najeriya saboda ƙwarin da aka samu a cikin kaya. Sai da hukumar NAQS mai kula da lafiyar amfanin gonar da ake fitarwa ta yi ta kai-kawo, aka amince da sharaɗin turara magani, kafin ƙofar ta sake buɗewa. A tsakanin nan wa ya fi shan wuya? Wanda bai san ma inda Meksiko take ba.

Nan ne labarin Bojole ya shigo. Amfanin dokarsu ta 1935 shi ne ta raba mai gyara da mai ɓatawa. In suna ya zama na ku, kuma akwai sharaɗin amfani da shi, to kowa a garin ya zama mai gadin sunan, don in ɗaya ya ɓata, aljihun kowa zai ji. Mai saye kuma ya san abin da yake biya. Kada wani ya ce wannan sai Turawa. Barkonon Penja na Kamaru ya samu irin wannan rajista tun 2013. Maƙwabtanmu na Nijar, waɗanda in ka wuce Kongolam ka shiga ƙasarsu, sun yi wa kilishinsu da albasar Galmi. Kilishi fa, jama'a! A Senegal bisap abin tarbar baƙo ne, ba a jin kunyarsa. A Masar da Sudan karkade ne a biki da azumi. A Jamaika shi ne abin shan Kirsimeti. Mu da muke noma shi muna loda wa duniya, mu ne muke ɓoye shi a bayan gida in manyan baƙi sun zo.

Sai dai in faɗi gaskiya, masu gudun zoɓon kasuwa suna da hujja. Wane ruwa aka yi amfani da shi? Robar da aka zuba shi a ciki daga ina aka tsinto ta, wa ya sha a ciki jiya? Wasu suna zuba kala da garin zaƙin roba har ka rasa ɗanɗanon zoɓon kansa. Wasu sukarin da suke sawa ya fi na lemon kwalba. Mutumin da ya taɓa kwana yana zarya bayan ya sha na ƙullin leda, ba za ka hana shi neman abin da kamfani ya rufe ba. In kana da kyau ka ƙara da wanka. Haka kuma masu cewa zoɓo maganin komai ne su sassauta. An san yana ɗan saukar da hawan jini, shi ya sa mai shan maganin hawan jini da mai juna biyu ya kamata su ji ta bakin likita kafin su mai da shi ruwan sha.

Abin da nake gani za a iya yi, ba tare da jiran Abuja ba:

1. Mu ma'aikata mu fara da kanmu. Duk taron da aka yi a ofis ko a sakatariyar ƙaramar hukuma, katan-katan na lemon kwalba ake saye. A ware ko rabin kuɗin a ba ƙungiyoyin matan garin kwangilar zoɓo da kunun aya, da sharaɗin tsabtataccen ruwa da sabuwar roba. Kuɗin zai kwana a Daura.

2. Manoma su haɗu ƙauye-ƙauye. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Tamfol na shanya, ma'auni na gaskiya, ɗakin ajiya guda, da dokar cewa wanda ya jiƙa ko ya sa yashi an cire shi. Buhu hamsin masu tsabta a wuri ɗaya suna da bakin magana a gaban mai saye fiye da tiya biyar a hannun mutum ɗaya.

3. A rarrabe kaya daraja-daraja, a rubuta a jikin buhu: gari kaza, kakar shekara kaza, mai duhu ko mai haske. Malaman gona na ƙananan hukumominmu biyar za su iya jagorantar wannan.

4. Muna da Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya a nan Daura. Ɗalibai na neman abin bincike kowace shekara. Ga shi a ƙofar gida: wane iri ne ya fi launi, yaya za a adana dafaffen zoɓo ya daɗe bai lalace ba, yaya za a ƙulla busasshe a 'yan ƙananan fakiti kamar ganyen shayi.

5. Masarauta, ƙarƙashin Mai Martaba Sarkin Daura Alhaji Umar Faruk Umar, Allah Ya ƙara masa lafiya, tana da abin da gwamnati ba ta da shi, wato jin maganar dagatai da masu unguwanni. In fada ta ce algus a zoɓo abin kunya ne, magana ta ƙare. In kuma baƙin da ke zuwa Sallar Gani da masu ziyarar rijiyar Kusugu suka tarar da zoɓon ƙasar Daura a kwalba mai kyau da sunan garin a jiki, ai da tsaraba za su koma. Ga layin dogo na Kano zuwa Maraɗi da aka tsara ya ratsa ta Daura. Ranar da jirgi ya fara tsayawa, me za mu loda masa da sunanmu?

Na san wani zai ce, ana fama da tsadar abinci da rashin tsaro kai kana zancen zoɓo. Gaskiya ne. Amma kuɗin zoɓon nan shi ne kuɗin maganin wani, shi ne kayan ɗakin 'yar wani, shi ne abin da ke hana wani saurayi tafiya ci-rani. Ni shaida ne, don shi ya yi min karatu.

Inna ta tsufa yanzu, ba ta iya tsayuwar murhu. Amma duk kaka sai ƙanena ya aiko mata da tiya biyu na farkon ɓara, ta damƙa, ta shinshina, ta tauna, ta yanke hukunci. Na bana ta ce ya yi, sai dai an ɗan yi gaggawar kwashewa daga shanya. Babbar 'yata na zama kusa da ita da littafi tana rubuta yadda ake haɗawa, ita kuma tana yi mata tsiya wai wa ya taɓa auna kanumfari da cokali. In Allah Ya kai mu bikin yarinyar nan, na riga na faɗa wa uwarta abin da za a jera a babban teburi.

Ku kuma a garinku me kuke ce masa, zoɓo, soɓo ko zoɓorodo? Me kuke sawa a ciki, kuma na wane ƙauye ne iyayenku suka fi yabawa? A faɗa mana, ko ma tara abin da za mu amsa wa Bature in ya sake tambaya.

Allah Ya sa wa nomanmu albarka, Ya jiƙan iyayenmu da suka rigaye mu, waɗanda ke raye Ya ba mu ikon kyautata musu. Amin.